FFmpeg yana karanta bayit ɗin da ban ba shi ba: aibinsa ne ko ƙa'idarsa ce?

Ɗan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman masu sanin harshen rubuta manhaja na C su duba mini wata matsala. Ina rubuta 'yar manhaja a Linux wadda take karɓar bidiyon H.264 daga kyamarorin tsaro na wani shago, ta warware shi da libavcodec, sashen warware bidiyo na FFmpeg (manhajar sarrafa bidiyo da sauti), ta riƙa ajiye hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa goma. Kowane guntun bidiyo da ya iso ina ware masa wuri a memori da av_malloc daidai girmansa, in zuba shi, in naɗe shi da av_packet_from_data, in miƙa wa avcodec_send_packet. Sai ta yi yini guda tana aiki lafiya lau, sannan ta mutu da segfault (wato tsarin aiki ya kashe ta don ta taɓa memorin da ba nata ba) ba gaira ba dalili. Da na sa ta ƙarƙashin Valgrind, manhajar da ke gano kurakuran amfani da memori, sai ya yi ta ƙorafin cewa ana karanta bayit 8 a ƙarshen wurin da na ware, kuma wani ɓangaren karatun ya faɗa waje. Duk ƙorafin cikin libavcodec yake nunawa, ba cikin abin da na rubuta ba. A ganina wannan aibi ne na FFmpeg ɗin kansa. In na ba ka bayit 5000, me ya kai ka taɓa na 5001? In kai musu rahoto ne, ko akwai abin da ya shige mini duhu?

Injiniya_Zazzau
Wa alaikumus salam. Dakata da rahoton tukuna, ɗan uwa. Ka nemi AV_INPUT_BUFFER_PADDING_SIZE a cikin bayanan libavcodec. Sharaɗi ne da suka rubuta ƙarara: duk wurin da za ka miƙa wa dikoda, wato mai warware bidiyon, sai ya fi ainihin bayanan tsawo da bayit 64, kuma wannan cikon a cika shi da sifili. Ita av_packet_from_data ba ta da hanyar auna wurin da ka ware. Ta ɗauka ne cewa cikon yana nan, har ma tana rubuta girman wurin a matsayin girmanka haɗe da 64. To kai ba ka sa shi ba.

Mafita mafi sauƙi: ka bar av_malloc, ka kira av_new_packet da girman guntun. Ita za ta ware wurin da cikonsa, ta share cikon da sifili, kai kuma ka kwafe bayananka cikin pkt->data.

Ɗan_Fagge
Na gode Injiniya, na ga wurin. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Don me za a rubuta dikoda da gangan ta yadda zai wuce iyaka?

Injiniya_Zazzau
Saboda sauri. Bidiyon da aka matse ba a jere yake bayit bayan bayit ba, bit-bit ne. Wannan lamba bit 3 ce, ta gaba bit 11, ta bayanta bit 1. Dikoda yana neman irin waɗannan sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. In duk lokacin da zai ɗauki bit 3 sai ya tsaya ya tambaya saura bayit nawa, sannan ya tsinto su ɗaya-ɗaya, aikin zai yi nauyi. Abin da get_bits, mai tsinto wa dikoda waɗannan bit ɗin, take yi shi ne ta ɗebo bit 32 ko 64 a tashi ɗaya daga inda take tsaye, ta ture waɗanda ba ta so, ta riƙe ukun da take nema. A tsakiyar fakiti, wato guntun bidiyon da aka miƙa, wannan ba ya damun kowa. Amma in tana kan bayit na ƙarshe ta ɗebo 8, to 7 daga ciki na waje ne. Ba ta amfani da su, amma ta taɓa su.

Duk wanda ya taɓa ganin huɗa da shanu ya san in sun kai ƙarshen kunya sai sun ɗan wuce kafin su juyo, shi ya sa manomi yake barin ɗan fili a bakin gonarsa don kada su taka shukar maƙwabci. Cikon nan shi ne wannan filin.

Kuma ba tun farko yake 64 ba. Da 8 ne, aka mai da shi 16, sannan 32. A farkon 2018, kafin fitowar FFmpeg 4.0, aka kai shi 64 saboda AVX-512, wani rukunin umarnin furosesa, wanda umarni ɗaya nasa yake iya ɗauko bayit 64. SSE da NEON na wayoyi 16 suke ɗauka, AVX2 kuma 32. Shi ya sa ba a rubuta lambar da hannu, sunan ake amfani da shi.

Ɗalibar_Kwamfuta
Malam, na fahimci dalilin barin wurin. Abin da ban gane ba shi ne sifilin. In dai ba a amfani da abin da aka ɗebo daga waje, me ya sa aka damu da abin da ke cikinsa?

Injiniya_Zazzau
Tambaya mai kyau. In fayil lafiyayye ne, gaskiyarki, babu ruwan kowa da abin da ke cikin cikon. Matsalar gurɓataccen fayil ce. A MPEG-1 da MPEG-2, kowane sabon sashe yana farawa da alama: bit 23 na sifili sannan 1, wato 00 00 01. Dikoda yana ta warware tubalan hoto ɗaya bayan ɗaya har sai ya hango waɗannan sifili 23 a gabansa, sannan ya san sashen ya ƙare. To a ce fayil ya yanke a tsakiyar sashe. In abin da ya biyo baya shara ce, dikoda zai ɗauke ta a matsayin ci gaban bidiyo, ya yi ta tafiya. In sifili ne, sai ya ja birki nan take. Bayanin FFmpeg ɗin ma ya ambaci bit 23 ɗin nan da sunansu. Ki duba misalinsu na decode_video.c, za ki ga sun ware 4096 haɗe da ciko, kuma abin da suka fara yi shi ne share cikon da sifili ta hanyar memset.

Hajara_Tsaro
Duk abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma ni ina bayan Ɗan_Fagge a kan asalin ƙorafinsa. Rubuta sharaɗi a cikin bayani ba ya mai da tsari ya zama mai kyau. Ga mutum ya rubuta manhajarsa, kwamfaila mai fassara ta zuwa harshen na'ura bai ce masa uffan ba, gwaji ya wuce lafiya, kuma aibin yana kwance sai bayan yini guda ya tashi. Mutum nawa ne suka yi irin wannan ba su taɓa kunna Valgrind ba? Tsaron da ya dogara ga kowa ya karanta sakin layi ɗaya cikin dubbai, tsaro ne mai rauni.

Baban_Ikram
Hajiya Hajara, ina ganin kin tsananta. Karatu ne fa kawai, ba rubutu ba. Ba a ɓata komai a memori ba. Iyakacinta manhaja ta mutu a sake kunna ta. Wanda yake da haɗari shi ne rubutu a wajen iyaka.

Hajara_Tsaro
Baban Ikram, Heartbleed karatu ne kawai. A Afrilun 2014 aka bayyana wannan aibin a OpenSSL, manhajar da ke ɓoye bayanan da ake aikawa ta intanet: mai kai hari ya ce ya aiko da saƙo mai tsawo kaza alhali gajere ya aiko, sabar ta yarda da maganarsa, ta mayar masa da har kilobayit 64 na abin da ke kusa a memori, kalmomin sirri da makullai da komai. Ba a rubuta ko bayit ɗaya ba.

A fannin hotuna ma an gani. A 2017 Chris Evans ya nuna yadda aibi a ImageMagick, manhajar sarrafa hotuna, yake sa memorin sabar Yahoo Mail ya fito a cikin ƙaramin hoton da take mayar wa mai saƙo, har Yahoo ta daina amfani da ImageMagick ɗin. Yanzu ka ɗauki duk wani shafi da mutane ke ɗora bidiyo, sabar ta sauya shi ta mayar musu. In dikoda ya karanto abin da ba nasa ba ya zuba shi cikin fiksel, wanda ya ɗora bidiyon zai sauke sakamakon ya karance shi a nutse.

Na uku, tsarin ASLR yana ɓoye adireshin da abubuwa suke a memori don a wahalar da mai kai hari. Sau da yawa karatun waje shi ne yake tona masa adireshin, sannan ya haɗa da wani aibin na rubutu ya kammala aikinsa. Don haka ba na yarda a kira shi ƙaramin abu.

Injiniya_Zazzau
Ban musa ba, Hajiya, amma kada mu haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai wucewar da aka san iyakarta: ba za ta haura bayit kaza ba komai ya faru, kuma ba a amfani da abin da aka ɗebo. Wannan ita ciko yake magancewa, kuma yana magance ta gaba ɗaya, don wurin da aka taɓa namu ne, mu muka ware shi. Akwai kuma wucewar da fayil ne yake faɗin nisanta, kamar a ce tsawon sashe dubu ɗari ne alhali dubu ɗaya ya rage. Heartbleed irin wannan ce. Ko ciko miliyan ka sa ba zai tare ta ba, sai dai a binciki lambar kafin a yarda da ita. FFmpeg ma sun san haka. Tun ƙarshen 2011 aka shigar da get_bits mai bincike, wadda ba ta barin alamar inda take tsaye ta zarce ƙarshen fakiti sai da 'yan bit kaɗan. Ta manne a nan, ta yi ta karanta sifilin ciko. Ka ga su biyun tare suke aiki: binciken yana hana nisa, cikon yana ɗaukar ɗan ragowar.

Mai_Tura_Fim_FarmCentre
Salam malamai. Ni ba na rubuta manhaja, sana'ata tura finafinai da karatuttukan malamai a wayoyin mutane. Kullum ina haɗuwa da bidiyon da ya yanke wajen turawa ta Xender ko aka cire memori kafin ya gama. Wani in an kunna sai manhajar kallo ta rufe kanta, wani kuma ya ƙi buɗuwa sam. Shin wannan abin da kuke magana a kai ne? Kuma yana iya lalata wayar kwastoma? Ina jin tsoron haƙƙin mutane.

Mai_Linux_Damagaram
Allah ya saka da alheri da wannan tunanin. Wanda ya ƙi buɗuwa sam yawanci MP4 ne. Shi MP4 yana da wani sashe mai suna moov, wanda yake ɗauke da jadawalin inda kowane hoto yake, kuma sau da yawa a ƙarshen fayil ake rubuta shi. In ƙarshen ya yanke, jadawali ya tafi, manhaja ta rasa ta ina za ta fara. Wanda yake sa manhaja ta rufe kanta kuwa, mai yiwuwa ne irin abin da muke tattaunawa ne, ko wani aibi makamancinsa. Fayil ɗin da ya yanke da kansa ba ya lalata waya, ka sake turawa kawai.

Hajara_Tsaro
Ƙari a kan maganar Malam na Damagaram: wanda ake tsoro shi ne fayil ɗin da wani ya ƙera da gangan. A Yulin 2015 Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana Stagefright, aibobi a sashen Android mai warware bidiyo, inda saƙon MMS ɗaya ya isa a shiga waya, kuma aka ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. A Nuwamban 2019 WhatsApp ma ta gyara wani aibi da ake iya tayarwa da ƙerarren MP4. Waɗannan na rubutu ne a wajen iyaka, amma gida ɗaya suka fito da na karatun: yarda da lambar da fayil ya faɗa. Shawarata gare ka, ka riƙa sabunta manhajojin kwamfutar da kake turawa da ita, ka kuma tunatar da kwastomominka su sabunta WhatsApp ɗinsu. Masu tsofaffin wayoyin da aka daina aiko musu da gyara su ne suka fi ba ni tausayi a wannan lamari.

Mai_Tura_Fim_FarmCentre
Na gode ƙwarai. Zan kiyaye in sha Allahu.

Usaini_Rust
Ni dai abin da nake gani, duk wannan wahalar ta C ce. A harshen Rust kowane yanki na memori yana tafe da tsawonsa, in ka nemi na 5001 manhajar za ta tsaya a wurin ta faɗa maka layin da abin ya faru, ba sai bayan yini guda ba. Kuma ba mafarki ba ne: dav1d, dikodan tsarin bidiyo na AV1 na mutanen VideoLAN, an riga an mai da shi Rust da sunan rav1d ƙarƙashin shirin Prossimo, yana kuma aiki.

Injiniya_Zazzau
Yana aiki, kuma aiki ne mai daraja. Sai dai ka faɗi sauran: rav1d yana amfani da asambilin (umarnin furosesa kai tsaye) da aka rubuta wa dav1d da hannu, kuma can ne mafi nauyin aikin yake gudana. Rust ba ya binciken abin da asambili yake taɓawa. Sannan libavcodec yana ɗauke da ɗaruruwan dikodoji, har da na wasannin kwamfuta na shekarun 1990. Wa zai sake rubuta su duka, kuma wa zai biya shi?

Usaini_Rust
Ba sai duka ba, Injiniya. Sashen da yake karanta kan fayil da tsawon sassa, wanda ka ce da kanka shi ne ciko ba ya tarewa, shi ne ya fi buƙatar Rust, kuma ba shi ne mai cin lokaci ba. A bar asambili inda yake.

Mai_Linux_Damagaram
Bari in dawo da mu kan tambayar farko, don akwai abin da ba a amsa ba: me ya sa take yini guda kafin ta mutu? Tsarin aiki ba ya tsare memori bayit-bayit, shafi-shafi yake tsarewa, kuma shafi a yawancin kwamfutocinmu bayit 4096 ne. In ka wuce wurinka da bayit 7 amma kana cikin shafin da aka ba manhajarka, babu wanda zai hana ka. Ƙananan fakitoci suna zaune ne a tsakiyar tarin memori, gabansu da bayansu duk na manhajar ne. Amma malloc na glibc, in abin da aka nema ya kai wajen kilobayit 128, yakan je ya karɓo shafuka na musamman da mmap. A bidiyon kyamara, cikakken hoton da ake aikowa lokaci-lokaci shi ne yake kai wannan girman. Ranar da girmansa ya faɗo daf da ƙarshen shafi, kuma shafin da ke biye ba na kowa ba ne, ranar ce take mutuwa. Ban ga manhajarka ba, amma ina kyautata zaton haka ne.

Ɗan_Fagge
Na koma av_new_packet, Valgrind ya yi shiru a wannan wurin. Allah ya saka wa kowa. Bayanin Malam na Damagaram ya zauna mini, don kyamarar mai 1080 ce ta fi kashe ta.

Sai dai ga wata. Na ƙara wata kyamara mai faɗin 1366, hotunanta suna fitowa a karkace kamar an ja su gefe. Ina kwafe frame->data[0] ne, faɗi sau tsawo.

Ɗalibar_Kwamfuta
Wannan na san shi! Ka duba frame->linesize[0], za ka ga ya fi faɗin hoton. Kowane layi yana da nasa cikon a ƙarshe don layin da ke biye ya fara a adireshin da ya dace da umarnin SIMD, irin su SSE da AVX da aka ambata. Layi-layi za ka kwafe: ka ɗauki faɗin, ka tsallaka da linesize. Ko ka bar wa av_image_copy_to_buffer.

Injiniya_Zazzau
Haka ne, 'yata. Ciko a bidiyo ba a fakiti kaɗai yake ba. H.264 yana aiki da tubala 16 sau 16, kuma 1080 ba ta rabuwa da 16, don haka layi 1088 ake matsewa, a rubuta a kan bidiyon cewa a yanke 8 wajen nunawa. Sannan ƙa'idar ta yarda tubali ya ce a kwafo shi daga wani wuri a hoton baya wanda ya fita daga gefen hoton, a ɗauka cewa fiksel na bakin gefe ya ci gaba da maimaituwa. Ga kuma matatar rabin fiksel mai taɓa fiksel 6, biyu ta baya, uku ta gaba. FFmpeg yana da emulated_edge_mc saboda wannan: in abin da ake nema ya fita waje, sai a gina tubalin a wani ƙaramin wuri na daban a karanta daga can. A nan fayil ne yake faɗin nisan, shi ya sa ba a dogara ga ciko kaɗai ba.

Hajara_Tsaro
Ɗan_Fagge, kafin ka rufe kwamfuta: girman guntun nan daga ina kake samunsa? In daga kan saƙon da kyamara ta aiko ne, to lambar baƙo ce. Ka sa mata iyaka, ka kuma tabbatar abin da ya iso ya kai abin da aka ce kafin memcpy. av_new_packet tana ƙin girman da in an haɗa shi da 64 zai zarce INT_MAX, wato lamba mafi girma da int na C yake ɗauka, wanda masu haɗawa da hannu sukan manta, lambar ta juye ta zama ƙarama, a ware ɗan wuri a zuba abu mai yawa. Haka kuma in kana cika extradata, wato bayanan saiti da ake ba dikoda, da kanka, shi ma yana son cikon, da av_mallocz.

Ɗan_Fagge
Daga kan saƙon nake ɗauka. Zan sa iyakar yau. Amma Hajiya, har yanzu ina kan ra'ayinki cewa bai kamata a bar wannan a hannun mai kira ba.

Baban_Ikram
A yi musu adalci dai. In ka miƙa fakitin da pkt->buf ɗinsa babu komai, libavcodec yana kwafe bayanan zuwa nasa wurin mai ciko. Sai wanda ya ce a yi amfani da wurinsa kai tsaye don gudun kwafi ne nauyin yake komawa kansa. Kuma ba su zauna ba: a Janairun 2014 Mateusz Jurczyk da Gynvael Coldwind na Google suka sanar cewa an gyara aibobi fiye da dubu a FFmpeg ta hanyar jefa masa gurɓatattun fayiloli, kuma OSS-Fuzz, tsarin Google mai yin irin wannan gwaji da kansa, yana ci gaba da wannan aikin dare da rana. Mafi yawan masu gyaran nan 'yan sa kai ne.

Hajara_Tsaro
Ina girmama aikinsu matuƙa, kuma ina amfani da shi kullum. Amma aibi dubu da aka samu a wuri ɗaya hujjata ce, ba taka ba.

Mai_Linux_Damagaram
Ɗan_Fagge, kada ka tsaya a kan shirun Valgrind da lafiyayyen bidiyo. Ka ajiye guntaye daga kyamarar, ka yayyanke su a wurare daban-daban, ka canja wasu bayit, ka ciyar da manhajar. Ka gina FFmpeg da --toolchain=clang-asan, wanda yake kunna AddressSanitizer, mai gano irin waɗannan kurakuran, da ya fi Valgrind sauri nesa ba kusa ba. Sai dai ba ya ganin abin da asambilin hannu yake taɓawa, don haka ka yi gwaji ɗaya da --disable-asm, ka yi wani da Valgrind a kan ginin da za ka kai shagon. Wace sigar FFmpeg ce a kan na'urar shagon, wadda ta zo da tsarin ce ko kai ka gina?